Gadi a Ƙofar 'Yan Caina

Da muka sauka a filin jirgin Hamad na ƙasar Katar, na tsaya ina kallon masu tura kaya cikin rigunansu masu ƙyalli, ina cewa a raina gobe ko jibi ni ma ina cikinsu. Abin da ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano ya faɗa ke nan: aikin kaya a filin jirgi, cikin sanyin esi. A waje wani mutum ya ɗaga kwali mai sunan kamfani, ya tattara mu, ya karɓe fasfo ɗinmu ya zuba a leda, ya ce, “Yalla,” wato mu tafi. Babu wanda ya yi masa musu. Motar ta juya wa filin jirgin baya ta yi ta tafiya, gine-ginen gilashi suna raguwa, har muka tsaya a wani gida a unguwar Mesaimeer.

Ɗakin da aka kai ni gadaje ne hawa biyu a cunkushe, ga takalman aiki jibge a bakin ƙofa. Da safe aka miƙo mini riga da wando shuɗɗai da hula, a bayan rigar an rubuta sikiyuriti. Na ce wa mai rabon an yi kuskure, ni filin jirgi aka ɗauke ni. Ko ɗago kai bai yi ba.

Ina zaune a bakin gado da kayan a cinyata, sai na ji an ce da Hausa, “Sa su mana. Duk wanda ka gani a ɗakin nan filin jirgi aka ce masa.”

Dattijo ne baƙi, gajere, mai furfura a gemu. Sunansa Issaka, daga Zongon Kumasi, ya daɗe yana gadi a ƙasar. Hausarsa irin ta can ce, wadda ko mace “ya zo” ake ce mata. Ya tambayi sunana da garinmu, na ce Sanusi, daga Funtuwa. Ya jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado ya zuba mini shinkafa da wake da yajinsu baƙi mai kifi. Tun ranar nake ce masa Baba. Shi ya nuna mini inda ake sayen katin waya mai sauƙi, shi ya koya mini cewa idan mudir, wato manaja, yana magana ba a kallon idonsa, kuma ba a cewa a'a, sai dai a ce in sha Allahu. Da na kira Hadiza matata, na ce mata aiki lafiya lau. Ban gaya mata ko wane aiki ba ne sai da aka kwana biyu.

Wurin da aka tura mu ni da Baba sansanin ma'aikata ne a bayan gari, can kudu, inda babu komai sai fako da turakun lantarki. Kamfanin gine-gine ne, kafil ɗinmu kuma, wato uban gidan da bizarmu ke hannunsa, ya ba da hayarmu gare su. Ofisoshi da ɗakin cin abinci da kantin kamfani suna gefe ɗaya. Ɗaya gefen, bayan shingen waya, ɗakunan 'yan Caina ne, masu walda da ɗaurin rodi. Tsakaninsu ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe, nan ne wurin gadinmu. Shugabanmu wani ne mai suna Rafiƙ, siriri, kullum oba-oba a hannu, kullum a firgice kamar ana binsa.

A cikin 'yan Cainan na fi sabawa da babban mai waldarsu. Lao Cen suke ce masa, wai ma'anarsa tsoho Cen. Ba ya jin Turanci sai kalma biyu uku, Larabcinsa kuma bai wuce “sadik”, wato aboki, da “kalas”, wato shi ke nan, ba. Wata rana ya ga na dafe kai saboda rana, ya koma ɗaki ya kawo mini wani ɗan gwangwanin man zafi, ya nuna mini in shafa a gefen goshi. Daga nan muka riƙa gaisawa. Idan magana ta yi tsawo sai ya faɗa wa wayarsa, wayar ta rubuta mini da Turanci. Ta haka na san cewa Liyu, mai waldar nan mai yawan dariya da ke binsa ko'ina, ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya ɗauko shi daga ƙauyensu, bayan ya sha roƙon uwar kafin ta yarda.

A cikin azumin shekarar ne muka wayi gari da labarin cewa ƙasashen maƙwabta sun rufe iyaka, sun ƙaurace wa Katar, ba mota ba jirgi. Kafin la'asar an wawashe madara da kaji a shagunan Mesaimeer. Inna ta kira ni, wai ta ji a rediyo za a yi yaƙi, in tattara in dawo. Na ce mata ƙarya ce, alhali ni kaina ban sani ba. Duk jirgin da ya wuce ta samanmu sai mun ɗaga kai. A ɗaki kowa da labarinsa: wannan ya ce an ga sojoji a bakin iyaka, wancan ya ce za a kori baƙi. Baba kawai ke cewa, “Ku yi sahur ku kwanta. Manya ne ke faɗansu.”

Faɗan manyan ya iso mu ta wata hanya. Ƙarafan da kamfani ke jira ta mota suka maƙale a bayan iyaka. Da suka zo daga baya ta ruwa, aiki ya riga ya yi latti, mudir ya ce sai an cike giɓin. Dokar ƙasar ta hana aiki a fili da tsakar rana a lokacin zafi, amma sansaninmu nesa yake da idon hukuma. Motocin da suka saba dawo da ma'aikata kafin azahar suka daina dawowa sai yamma.

Ranar da abin ya faru, motar farko ta dawo ba a kan lokacinta ba. Suka sauko shiru, babu mai kallon wani. Lao Cen ne na ƙarshe, riƙe da hular walda biyu. Na ce, “Sadik, Liyu?” Ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Direban ne ya gaya mana: Liyu ya yanke jiki ya faɗo daga saman ƙarafa da rana tsaka, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kamfani ya ce ciwon zuciya ne, kuma ba a lokacin aiki ba. Gawar tana mutuware, aka hana kawun nasa ganinta, wai sai an gama takardu. Batun kai ta gida kuma, aka ce hanyoyin jirgi sun rikice, a yi haƙuri.

Washegari motoci suka jera a bakin ƙofa, ko mutum ɗaya bai fito ba. Ba su tsaya nan ba. Suka ƙaurace wa ɗakin cin abinci da kantin kamfani, suka haɗa murhu a tsakar ɗakunansu suna dafa abin da suka ajiye. Suka zaɓi ƙarfafa daga cikinsu, suka ɗaura musu jan ƙyalle a damtse, suka tsayar da su a ƙofar ta ciki, don kada wani nasu ya sulale ya koma aiki. Abu uku suka nema: a nuna wa Lao Cen gawar, a kai ta gida, a daina aikin rana.

Mudir ya ce tunda haka suka zaɓa, a datse ƙofar. Ba mai shiga, ba mai fita. Rafiƙ ya kawo sarƙa da kwaɗo ya ba ni makullin. Sai ga mu tsaye, mu a waje da shuɗɗan kaya, su a ciki da jan ƙyalle, tsakaninmu bai fi tsawon hannu ba. Mutanen da jiya muke ɗaga wa juna hannu, yau kowa yana lura da motsin ɗan'uwansa. Idan na sa hannu a aljihu don in ciro waya, sai in ga sun gyara tsayuwa.

Juma'ar makon na samu hutu na tafi unguwar Bin Omran, wurin Malam Auwal, wani ɗan Zariya da ke karatun tarihi a jami'a. A masallaci muka haɗu tun farkon zuwana, ya riƙa kirana shan ruwa a ɗakinsu na haya. Ranar har kunun gyaɗa ya dama. Ina sha ina tuna tsakar gidanmu, da 'yata Ummi da ke jiran a miƙa mata ludayi. Na ba shi labarin abin da ke faruwa. Ya ajiye kofinsa.

“Mutanen nan ba yau suka fara ba,” in ji shi. “Kusan shekara ɗari da suka wuce sun yi wa Turawan mulkin mallaka irin wannan a Hong Kong. Suka watsar da aiki, suka tsallaka ɓangaren ƙasarsu, suka sa masu tsaro a bakin iyaka. Ba abinci ba mutum da zai shiga wurin Bature.”

“To yaya aka ƙare, Malam?”

“An daɗe ana ja. Har harbe-harbe an yi a kan iyakar. Kuma ka san ba gwamna ke tsayawa a bakin iyaka ba, ƙananan ma'aikata ne.” Ya dube ni. “Sanusi, nan ba gida ba ne. Yajin aiki laifi ne babba ga baƙo. Idan hukuma ta zo, ba za ta tsaya tantance wanda ke ciki da wanda ke bakin ƙofa ba. Ka nemi a canja maka wuri.”

Na nema. Rafiƙ ya ce babu wanda zai karɓi ƙofar.

Da aka shiga mako na biyu abin ya ƙara tsami. Wani mai dafa musu abinci ya yi ƙoƙarin haurowa ta bayan shinge, masu jan ƙyalle suka riƙo ƙafarsa suka jawo shi, wayar ta yage masa hannu. Ya riƙa miƙo mana ɗaya hannun yana kuka, mu kuwa muna tsaye, don an ce kada mu taɓa kowa. Ranar na kasa cin abincin buɗa baki. Ga shi an fara raɗe-raɗin cewa kamfani zai kawo wasu ƙarti su fasa ƙofar, wasu kuma suka ce 'yan Cainan sun tara rodi da kwalaben gas. Ba na jin ƙarar mota daga nesa sai gabana ya faɗi.

Sai mudir ya ce a hana tankar ruwa shiga.

Sansanin ba famfon gwamnati, tanka ce ke cika musu manyan tankunan roba. Da Rafiƙ ya faɗa mana, Baba ya ce, “Ruwa fa, ya Rafiƙ? A wannan zafin?” Rafiƙ ya ce ba shi ya ce ba, mudir ne, kuma kwana ɗaya biyu za su sauko.

Ba su sauko ba. A rana ta biyu sai ga su suna tara ruwan da ke ɗiga daga bayan esi a cikin robobi. A rana ta uku, wajen azahar, direban tankar ya zo kamar kullum, ya cika tankunan ofis, ya yi fakin kusa da rumfarmu yana jiran a sa masa hannu. Rafiƙ ya tafi ofis. Iskar da ke busowa kamar daga bakin tanda.

Sai na ga ana fito da wani mutum daga ɗaki, an riƙe shi hannu da ƙafa, aka kwantar da shi a inuwar bango. Suna yi masa fifita da kwali. Idanunsa a kafe, leɓɓansa sun yi fari. Lao Cen ya tako zuwa shinge. Tun rasuwar Liyu bai yi mini magana ba. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya faɗa wa wayarsa wani abu, ya manna ta a jikin shingen don in karanta. Cewa ya yi: ba na roƙonka ka buɗe ƙofa. Wannan mutumin yana da 'ya'ya biyu.

Na juya wurin Baba. Na ce, “Baba, ka gani?”

“Na gani.”

“Me za mu yi?”

Ya ɗaga kai ya dubi kyamarar da ke saman turke, ya dubi tankar. “Kai kana da mata da ƙaramin yaro,” in ji shi, yana nufin Ummi. “Je ka zauna a rumfa. Ba ka ga komai ba.”

Na je na zauna.  Ina kallo Baba ya je wurin direban suka yi magana, direban ya ɗaga hannuwa sama ya koma gefe, alamar ba ruwansa. Baba ya kwance tiyon tankar ya fara ja. Tiyo ne mai kauri, da nauyi, ga Baba da azumi da shekaru. Ya ja ya tsaya, ya ja ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kama tiyon ta bayansa, muka kai shi shinge, muka tura bakinsa ta ƙasan waya. Masu jan ƙyallen suka ja da baya, suna zaton wata dabara ce. Sai da Lao Cen ya daka musu tsawa sannan ɗaya ya sunkuya ya karɓa. Na koma na murɗa kan tankar.

Abin da ya ba ni mamaki, babu wanda ya yi wawa. Mara lafiyar suka fara jiƙawa, suka ɗura masa kaɗan kaɗan. Sannan suka yi layi da bokitai da tukwane. Ruwan da ya fallatso ya jiƙa mini wando har gwiwa, na tsaya ina jin sanyinsa.

Rafiƙ ya fito da gudu, oba-oba na ta ƙara a hannunsa. Ya kai hannu zai rufe kan tankar, ya hango mutumin da ke kwance, ya tsaya. Ya ce a hankali, “Kun kashe ni. Kun kashe kanku.” Amma bai rufe ba sai da tankar ta kusa ƙarewa. Shi ne kuma ya kira motar asibiti da wayarsa.

Motar asibitin ce ta jawo hukuma. Kafin la'asar 'yan sanda sun cika wurin, tare da wasu jami'ai masu fararen kaya. Aka karɓi makulli a hannuna aka buɗe ƙofar. Na jingina da rumfa ina jiran a fara duka, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Lao Cen ya fito shi kaɗai, hannuwansa a buɗe. Ya kwance jan ƙyallen wani da ke kusa da shi ya yar a ƙasa, sauran suka bi. Aka shiga ofis da shi da wani tafinta, aka daɗe.

Mu kuma aka mai da mu Mesaimeer, aka ce kada mu sake sa kayan aiki sai an neme mu. Zaman nan ya fi mini tsayuwar ƙofa wuya. Kowa ya fita aiki, mu biyu a ɗaki, duk takun da muka ji a matakala sai mu dubi juna. Malam Auwal ya zo sau ɗaya da dabino da lemo, bai ce ai na gaya maka ba. A ɗakin muka yi Sallah. Hadiza ta turo mini hoton Ummi da sabon kaya, na juya fuska bango.

Bayan Sallah kafil ya kira mu. Hoton kyamarar yana kan teburinsa a kwamfuta. Baba ya riga ni magana, ya ce shi ya ja tiyo, ni umarninsa na bi don ya girme ni. Kafil ya juyo da kwamfutar, ga ni ƙuru-ƙuru ina murɗa kan tanka. Ya tambaye ni ko tilasta ni aka yi. Na ce a'a. Baba ya yi tsaki ya kau da kai. Kafil ya ce kamfanin ya soke kwangilarsu saboda mu, shi kuma ba ya riƙe mai gadin da ke zaɓen umarnin da zai bi. Ba zai kai mu ƙara ba, amma ya soke bizarmu. “Kalas,” in ji shi.

A matakala Baba ya ce, “Kai wawa ne, Sanusi. Da ka yi shiru.”

Na ce, “Baba, ai hoton ya riga ya yi magana.”

“Duk da haka,” in ji shi. Ya dafa kafaɗata muka sauka.

A wurin direbobi muka ji sauran labarin. An ci kamfanin tara, an daina aikin rana, mutumin da ya suma ya tashi. An nuna wa Lao Cen gawar, kuma za a kai ta gida. Amma waɗanda aka ce su ne kan yajin, su ma an soke musu biza.

Da safe aka zo ɗaukarmu zuwa filin jirgi, a wata farar bas mai labule. Muna shiga na ga 'yan Caina a kujerun baya, Lao Cen a jikin taga. A jirginsu za a sa akwatin gawar Liyu. Ya matsa ya ba ni wuri, Baba ya zauna a gabanmu.  Ni dai tunanin abin da zan gaya wa Inna da Hadiza nake yi, na tafi da buri na dawo da jaka ɗaya.

Can sai Lao Cen ya ciro waya ya kira wani. Fuskar wata mata ta fito, tsohuwa ba sosai ba, gashinta a ɗaure, bayanta bangon ƙasa da buhunan hatsi kamar na ɗakin Inna. Ya yi mata magana mai tsawo, ya juya wayar ya nuna Baba, sannan ya nuna ni. Ba sai an gaya mini ba, uwar Liyu ce. Ta dube ni, ta haɗa hannuwanta biyu a ƙirji ta sunkuyar da kai, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, sai ta tsaya tana jira in ce wani abu.

Lao Cen ya laluba zai kunna abin fassarar, ya ga ba zai yiwu ba ana cikin kira. Na karɓi wayar da hannu biyu. Na yi mata gaisuwar da ake yi a garinmu idan an shiga gidan rasuwa.

“Inna, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ba ki dangana.”

Baba ya ce amin daga kujerarsa. Ita kuma tana gyaɗa kai a kan kowace kalma, hawaye na bin fuskarta, har na gama.